Cika Tankin Ruwan Motar Tafi-da-gidanka a Kan Hanya: Yadda Za a Kauce wa Cututtukan Ruwa

Motar tafi-da-gidanka mota ce da aka ƙera da wurin kwana, da madafa, da banɗaki a cikinta. A Turai da Amurka da Ostireliya iyalai kan saye ta ko su yi hayarta lokacin hutu, su yi kwanaki ko makonni suna yawo daga gari zuwa gari. Duk ruwan da za su sha, su yi girki, su yi wanka, daga tanki ɗaya yake fitowa, kuma a kan hanya ake sake cika shi, yau a wannan famfo, jibi a wancan.

Abin da ya kamata matafiyi ya riƙe shi ne, ruwan da ya fito daga famfo da tsabtarsa yana iya lalacewa kafin ya kai baki. Wurare uku ne ake samun matsala: inda aka ɗebo ruwan, tiyon da ya bi, da kuma tankin da ya kwana a ciki. Wannan bayani zai bi su ɗaya bayan ɗaya, sannan ya kawo cututtukan da ke biyo baya da lokacin da ya kamata a nemi likita.

Yadda tsarin ruwan motar yake

Yawancin waɗannan motoci suna da ma'ajiyar ruwa iri uku. Akwai tankin ruwa mai tsabta, wanda a motocin Turai kan ɗauki lita 80 zuwa 150, na manyan motocin Amurka kuma ya fi haka. Akwai tankin ruwan wanke-wanke da wanka, inda ruwan da aka yi amfani da shi ke taruwa. Na uku shi ne ma'ajiyar bayan gida, wadda a Turai galibi akwati ce da ake zarowa a je a zubar.

Daga tanki mai tsabta wani ƙaramin inji ke tura ruwa ta siraran bututu zuwa famfon madafa, da shawa, da hitar ruwa. Idan mutum biyu suna amfani da lita 15 kowannensu a rana, tankin lita 100 zai kai su kwana uku da ɗan wani abu. Ke nan a tafiyar mako biyu sai an cika tanki sau huɗu ko biyar, a wurare daban-daban. Kowace cikawa dama ce ga ƙwayar cuta ta shiga.

Inda ake ɗebo ruwa

A Faransa da Jamus da Italiya da Sifen akwai wuraren da aka tanada musamman domin waɗannan motoci, inda ake cika ruwa a kuma zubar da ƙazanta. Sansanonin masu yawon buɗe ido ma suna da su, haka wasu gidajen mai. Haɗarin shi ne, famfon ruwan sha da famfon ɗauraye akwatin bayan gida sau da yawa suna kusa da juna, wani lokaci a jikin ƙarfe ɗaya. Wanda ya riga ka zuwa yana iya cusa bakin famfon cikin akwatin ƙazantarsa, ko ya taɓa shi da hannun da ya gama wannan aiki.

Saboda haka a karanta abin da aka rubuta a jikin famfo. A Faransa "eau potable" na nufin ruwan sha, "eau non potable" kuma ba na sha ba ne. A Jamus za a ga "Trinkwasser" ko "Kein Trinkwasser". A Italiya "acqua potabile", a Sifen "agua potable". A Amurka ana rubuta "potable" ko "non-potable". Hoton famfo ko kofi da aka ja wa jan layi shi ma alamar hani ce. Famfon da ba a rubuta masa komai ba, kuma yana dab da ramin zubar da ƙazanta, a bar shi.

Ruwan rafi, da na tafki, da na maɓuɓɓugar kan dutse, ko da ya yi garau kamar ƙanƙara, ba a zuba shi a tanki. Dabbobin daji da na kiwo suna yin kashi a gefen ruwa, kuma ido ba ya ganin abin da ke ciki. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne kada a sami ƙwayar E. coli ko ɗaya a cikin mililita 100 na ruwan sha, kuma wannan sai a ɗakin gwaji ake tantance shi.

Tiyo da kayan cikawa

Kowace mota ta kasance da tiyonta na ruwan sha, wanda ba a yin wani aiki da shi. Irin da aka yi domin ruwan sha galibi fari ne ko shuɗi, kuma ana rubuta hakan a jikinsa ko a kwalinsa. Tiyon ban ruwan lambu bai dace ba, domin robarsa da ƙarfen bakinsa suna iya sakin dalma da wasu sinadarai, musamman idan ruwa ya zauna a ciki a rana.

Kada a yi amfani da tiyon da aka tarar a rataye a wurin cikawa, domin ba a san inda aka sa shi jiya ba. Tiyon wanke ma'ajiyar bayan gida kuma ya kasance mai launi daban, a ajiye shi a wani ɗaki daban na motar. Idan da jarka da mazurari ake cikawa, su ma na ruwan sha kaɗai za su zama. Jarkar da ta taɓa ɗaukar fetur, ko gas, ko maganin ƙwari, wanki ba ya mayar da ita ta ruwan sha.

Matakan cika tanki

1. A fara da cika ruwa mai tsabta, sannan a zubar da ƙazanta. Idan dole ta sa an fara da ƙazantar, a wanke hannu da sabulu na aƙalla daƙiƙa 20 kafin a taɓa tiyo.
2. A goge bakin famfo da tsumma mai ruwan bilic ko da barasar tsabtace hannu.
3. A buɗe famfo ya zuba na kamar minti ɗaya, domin ruwan da ya kwana a bututu ya fita.
4. A tari ruwan a kofi mai haske, a duba, a sansana. Idan ya yi duhu-duhu, ko yana da launi, ko wari, a nemi wani wuri.
5. A haɗa tiyo, a bar ruwa ya bi ta cikinsa ya zube ƙasa na ɗan lokaci kafin a sa shi a bakin tanki.
6. A tabbatar bakin tankin ruwa ne aka buɗe. A wasu motoci murfinsa ya yi kama da na tankin mai, kuma akan yi kuskuren zuba man dizal a tankin ruwa. Idan haka ta faru, kada a kunna famfo ko ɗaya, a kai motar wurin masu gyara.
7. Kada bakin tiyo ya taɓa ƙasa. Bayan an gama, a tsiyaye ruwan cikinsa, a haɗa bakunansa biyu ko a rufe su, a ajiye shi cikin jaka mai tsabta.
8. A rufe murfin tanki da kyau, a kulle idan yana da makulli.

A tuna kuma lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Tankin lita 120 ya ƙara wa mota kilo 120, kuma lasisin tuƙi na gama-gari a Turai yana tsayawa ne a kan motar da ba ta wuce kilo 3,500 ba. Nauyin da ya wuce kima yana tsawaita nisan da birki ke buƙata kafin mota ta tsaya.

Abin da ke faruwa da ruwa idan ya kwana a tanki

Ruwan famfon birni yakan zo da ɗan sinadarin kulorin da ke kashe ƙwayoyin cuta. Hukumar Lafiya ta Duniya tana so a sami aƙalla miligiram 0.2 a kowace lita a inda ruwan ya isa ga mai sha. Amma kulorin ba ya daɗewa. Zafi da jijjigar mota da iskar da ke saman tanki suna rage shi, cikin 'yan kwanaki ya ƙare. Wasu wuraren ma ruwansu na rijiyar burtsatse ne da ba a sa masa kulorin tun farko.

Da kulorin ya ƙare, ƙwayoyin cuta kan manne a jikin tanki da bututu, su yi wani santsi mai yauƙi da suke ɓuya a cikinsa. Wanda ya taɓa sa hannu cikin randa ko jarkar da aka daɗe ba a wanke ba ya san wannan santsi. Zubar da tsohon ruwa a zuba sabo ba ya cire shi, sai ma ya riƙa gurɓata kowane sabon ruwa da ya shigo.

Akwai wani abu da mutane da yawa ba su sani ba game da matatar ruwa. Matata mai gawayi tana gyara ɗanɗano ne ta hanyar cire kulorin. Idan aka ɗaura ta a bakin tiyo, ruwan zai shiga tanki babu mai tsaronsa. Gara a sa irin wannan matata a famfon sha na cikin mota, a kuma canja ta a lokacin da masu ƙera ta suka faɗa, domin tsohuwar matata ita kanta matattarar ƙwayoyin cuta ce.

A lokacin zafi, kada ruwa ya wuce kwana biyu zuwa uku a tanki. Gara a cika kaɗan-kaɗan akai-akai da a cika maƙil a bar shi mako guda. Idan za a ajiye mota, a tsiyaye tanki da hita da bututu gaba ɗaya.

Cututtukan da ake iya kamuwa da su

Gudawa da amai. Su ne suka fi yawa. Ƙwayar norobairos kan fara aiki cikin awa 12 zuwa 48, kuma tana saurin yaɗuwa tsakanin mutanen da ke kwana wuri ɗaya. E. coli da danginta ma suna kawo gudawa, wani lokaci da jini. A ƙasashen da tsabtar ruwa ke da rauni akwai kuma taifot, da kwalara, da ciwon hanta nau'in A, wanda alamunsa kan bayyana bayan kwana 15 zuwa 50.

Jiyadiya da kiriptosiporidiyam. Waɗannan ƙananan halittu ne da ke fitowa daga kashin mutum ko na dabba. Jiyadiya kan bayyana bayan mako ɗaya zuwa biyu, da kumburin ciki, da gyatsa mai wari, da zawo mai maiƙo. Kiriptosiporidiyam kuwa kulorin na yau da kullum ba ya kashe ta. A shekarar 1993 ta shiga ruwan birnin Milwoki a Amurka, aka ƙiyasta mutum kusan 400,000 sun kamu. Ga mai raunin garkuwar jiki gudawarta kan daɗe, har ta yi barazana ga rai.

Ciwon huhu na lejiyonela. An san wannan cuta ne bayan ɓarkewarta a wani otal a birnin Filadelfiya a 1976, a taron tsofaffin sojojin Amurka, aka kuma gano ƙwayar a 1977. Tana hayayyafa a ruwan da ke tsaye mai ɗumi, tsakanin digiri 20 zuwa 45 a ma'aunin Salshiyas, wato daidai yanayin tanki da hitar motar da aka ajiye a rana. Yawanci ta hanyar shaƙar feshin ruwa take shiga huhu, kamar lokacin wanka da shawa. Alamunta kan fara bayan kwana 2 zuwa 10: zazzaɓi mai zafi, tari, ciwon jiki, ƙarancin numfashi, wani lokaci da gudawa da ruɗewa. Kusan mutum ɗaya cikin goma da suka kamu yakan mutu. Tana jin magani idan an gano ta da wuri, kuma akwai gwajin fitsari da ke taimakawa wajen gano ta.

Ƙwayar amiba mai shiga ƙwaƙwalwa. Ba kasafai ake samunta ba, amma kusan duk wanda ta kama ba ya tashi. Shan ruwan ba ya kawo ta, sai ruwa ya hau can cikin hanci. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wata mata mai shekara 71 a jihar Teksas da ta rasu a 2024, bayan ta riƙa wanke hancinta da ruwan famfon motar tafi-da-gidanka ba tare da ta tafasa shi ba. Don haka duk ruwan da zai shiga hanci, ko na wankin hanci saboda mura ko na shaƙawa a alwala, ya zama tafasasshe da ya huce, ko wanda aka tace da matatar da ta dace.

Yadda ake mayar da ruwa abin sha

Tafasawa ita ce hanya mafi tabbas, domin tana kashe duk ƙwayoyin da aka ambata. A bar ruwa ya yi tafasa sosai na minti ɗaya. A kan tsaunukan da suka wuce mita 2,000, kamar wasu hanyoyin tsaunukan Alps, a kai minti uku.

Idan babu halin tafasawa, ana iya amfani da bilic na wanki marar turare, mai ƙarfin kashi 5 zuwa 6 cikin ɗari: ɗigo biyu a lita ɗaya ta ruwa mai haske, a girgiza, a jira minti 30. Idan ruwan ya yi duhu-duhu, a fara tace shi da tsumma mai tsabta, sannan a ninka ɗigon. Akwai kuma ƙwayoyin kulorin irin su Aquatabs, waɗanda ƙarfinsu ya bambanta, don haka a bi abin da aka rubuta a kwali. Sai dai a tuna kulorin ba ya maganin kiriptosiporidiyam. Ita sai tafasawa, ko matatar da ramukanta ba su wuce maikiron ɗaya ba.

Tafasawa da kulorin ba sa cire gubar sinadari. Ruwan da ke warin mai ko maganin ƙwari, zubar da shi ake yi.

Wanke tanki

A wanke tanki kafin fara tafiya, da bayan mota ta yi makonni a ajiye, da duk lokacin da ruwa ya canja wari ko wani ya yi ciwon ciki. Ko babu ɗaya daga cikin waɗannan, a yi aƙalla sau biyu a shekara.

Da farko a kashe hita, a cire matata, a tsiyaye tanki. A auna kimanin mililita ɗaya na bilic ga kowace lita, wato mililita 100 ga tankin lita 100. A dama shi a bokitin ruwa kafin a zuba, sannan a cika tanki. A buɗe kowane famfo da shawa har a ji warin bilic, a rufe, a bar shi aƙalla awa huɗu. Daga nan a tsiyaye a wurin zubar da ruwan wanke-wanke, a cika da sabon ruwa, a sake tsiyayewa har warin ya tafi. Wannan ruwan wanki ne, ba a sha, ba a wanka da shi. A duba littafin motar tukuna, domin wasu hitoci na ƙarfe bilic yana cin su, masu ƙera su kan ba da shawarar wani sinadari daban.

Kada a taɓa haɗa bilic da ruwan tsami na binega, ko da maganin wanke banɗaki, ko da wani abu mai amoniya. Haɗin yana fitar da iska mai guba, kuma cikin mota wuri ne matsattse.

Domin lejiyonela, a riƙa kai hita digiri 60. Bayan an daɗe ba a yi amfani da shawa ba, a buɗe tagogi, a sa kan shawar cikin bokiti ko ƙasa-ƙasa domin rage feshi, a bar ruwan zafi ya zuba na 'yan mintuna. Ruwa mai wannan zafi yana ƙona fata cikin daƙiƙoƙi, a kula da yara da tsofaffi.

A ƙasashe masu sanyi akan zuba ruwan hana daskarewa a bututu lokacin hunturu. Wanda aka yi domin bututun ruwan sha daban yake da na injin mota. Na inji guba ne mai lalata ƙoda, kuma yana da zaƙi, abin da ke jan yara. Wanda ya yi hayar mota bayan hunturu ya ɗauraye bututu sosai kafin amfani.

Waɗanda ya kamata su ƙara kula

Jarirai, da mata masu juna biyu, da waɗanda suka haura shekara 50, da masu shan taba, da masu ciwon huhu na dindindin, da masu ciwon suga ko ciwon ƙoda, da masu raunin garkuwar jiki saboda cutar ƙanjamau, ko maganin daji, ko dashen gaɓa, duk sun fi sauran mutane shiga haɗari. Ga waɗannan, ruwan tanki na wanka da wanke-wanke ne, na sha kuma ya zama tafasasshe ko na gora mai hatimi.

Jaririn da ke shan nono zalla bai buƙatar ruwa kafin wata shida. Idan madarar gwangwani yake sha, a dama ta da ruwan da aka tafasa wanda zafinsa bai sauka ƙasa da digiri 70 ba, sannan a huce ta kafin a ba shi. Mai sa gilashin da ake mannawa a ƙwayar ido kada ya wanke shi da ruwan tanki. Mai amfani da na'urar taimakon numfashi lokacin barci kuma ya zuba mata irin ruwan da likitansa ya faɗa.

Yaushe za a ga likita?

Idan gudawa ta fara, abu na farko shi ne mayar da ruwan da jiki ke asara. A tafi da fakitin gishiri da suga na asibiti. Idan babu, a dama ƙaramin cokali shida na suga da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a shafe ba a tula ba, a lita ɗaya ta tafasasshen ruwa. Yaro ya ci gaba da shan nono da cin abinci, a kuma ba shi sinadarin zink na kwana 10 zuwa 14: miligiram 20 a rana ga wanda ya kai wata shida, miligiram 10 ga wanda bai kai ba. A daina shan ruwan tankin har sai an wanke shi.

A garzaya asibiti idan aka ga ɗaya daga cikin waɗannan:

- Jini a bayan gida, ko gudawar da ta wuce kwana uku.
- Amai da ba ya barin komai ya zauna a ciki.
- Ƙarancin fitsari, bushewar baki, faɗawar idanu, ko yaro ya yi laushi ya ƙi shan nono.
- Zazzaɓi mai zafi tare da tari ko wahalar numfashi.
- Matsanancin ciwon kai, sanƙarewar wuya, ruɗewa ko farfaɗiya, musamman bayan ruwa ya shiga hanci.
- Idanu ko fata sun yi ɗorawa.
- Zargin an sha ruwan da ya haɗu da mai, ko bilic mai yawa, ko ruwan hana daskarewa. A nan kada a sa mutum amai, a kira agaji.

Lambar gaggawa a ƙasashen Tarayyar Turai ita ce 112, a Amurka da Kanada kuma 911. Da yake wasu daga cikin waɗannan cututtuka sai bayan an dawo gida suke bayyana, a gaya wa likita cewa an yi tafiya da motar tafi-da-gidanka, da ranakun tafiyar, da wuraren da aka cika ruwa, da ko an yi wanka da shawar motar. Wannan bayani ne zai sa ya nemi gwajin da ya dace tun da wuri.